Fassarar Yaya Sabo

Ruwan bana ya yi mana wasa da hankali a Ikara. Ya sauko da wuri, mutane suka zuba iri, sai ya ɗauke ƙafa. Masarar da ke bayan gidana ta fito, ta kai tsawon yatsa, ta murɗe. Ba da ita na dogara ba, alhamdu lillahi, albashin koyarwa yana shigowa ko da a makare, kuma mutum ɗaya nawa zai ci? Amma kullum da safe sai na fita na tsaya a kanta ina duban gabas, kuma duk sanda na yi haka sai wata damina ta Hunkuyi ta faɗo mini, da wani ɗaki da yanzu ko tubalinsa babu.

Ni kaɗai ce a gidan nan. Maigidan ya rasu, manyan yaran kowa ya kama gabansa, autata Zainab tana karatu a Zariya. Ita na dama da labarin wani fim na 'yan tsana da muka kalla muna yara, wanda ban san sunansa ba, ban san ƙasar da aka yi shi ba. Na haddace maganganunsa kusan duka, har yau ina iya kawo su a jere. Guda ɗaya ce ta ɓace mini, ta can ƙarshe, wadda jarumin ya yi a kan dutse kafin ya buɗe jakarsa. Na san magana ce mai nauyi, don na tuna kakarmu tana share ido da bakin zane a wurin. Na yi tunani har kaina ya yi ciwo, ta ƙi dawowa. Zainab ta ce in kwatanta mata 'yan tsanan ɗaya bayan ɗaya, za ta bincika.

Ina firamare a waccan shekarar. Gidanmu yana gefen gari, gonarmu tana kan hanyar Likoro. Mu biyar ne: Baba, Inna, Kaka wadda ta haifi Baba kuma aka sa mini sunanta shi ya sa ake ce mini Uwani, sai Yaya Sabo, sai ni. Yaya Sabo yana sakandare, shi ne na farko a zuriyarmu da ya kai can, kuma yana tafiya yadda kowa zai san haka.

Da bazara ƙanin Inna, Kawu Garba, ya sauka da kaya a bayan a-kori-kura. Masaƙar da yake aiki a Kaduna ta sallame su, zai tafi kudu neman wani aikin. Ya bar mana ajiyar talabijin mai kala, da bidiyo, da fanka mai tsayuwa. Ya ce mu yi amfani da su, kada dai a sayar. Kaset ɗaya ne a cikin bidiyon, ya maƙale, ya ƙi fitowa. Yaya Sabo ya zura masa tsinke, ya zura cokali, Baba ya daka masa tsawa ya ce amana ce. Haka muka zauna da fim ɗaya tak, sai dai a mayar da shi baya a sake.

Zafin bazarar nan ban sake ganin irinsa ba. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Kaji suna yawo baki buɗe, mu kuma muna kwana a tsakar gida a kan tabarmar da aka yayyafa wa ruwa. Wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa, yawanci da rana tsaka. Alamar zuwanta fankar Kawu ce, don kullum a kunne muke barin ta. Da ta fara juyawa sai in yar da duk abin da ke hannuna.

Ranar farko duk gidan muka taru. 'Yan tsana ne, amma ba irin na ƙashi da muke goyawa ba. Waɗannan suna tafiya, suna ƙifta ido, suna buɗe baki. Sararin samaniyar ƙasarsu kore ne. Akwai wani ɗan ƙarami mai kunnuwa a zube kamar na akuya, da manyan ƙafafu, da wata jakar fata a rataye a wuya wadda ba ya rabuwa da ita. Mu muka sa masa Ɗan Burgami. Akwai tsohuwa mai haƙori ɗaya da take ɗauke da ɗakinta a baya. Akwai wasu ƙattai masu kan kwaɗo da suka tsare wata gada. Da ƙattan suka bayyana Kaka ta ja mayafi ta rufe kai, ta ce ba za ta zauna tsirara a gaban mazan aljanu ba. Aka ce mata tsumma ne da roba. Ta ce, "Tsumma ne yake kallona haka?"

Turanci suke yi, ta hanci, da sauri. Baba ya saurara kaɗan, ya juya ya ce, "Sabo, ai ga ranarka. Gaya mana me suke cewa."

Yaya Sabo ya matsa kusa da talabijin, ya karkatar da kai, ya ɗaga hannu ɗaya alamar a yi shiru. Ya daɗe a haka. Sannan ya gyara murya ya ce garin su Ɗan Burgami ne aka yi fari, iri ya ƙare, aka aike shi wata ƙasa mai nisa ya samo, yanzu yana kan hanyar komawa gida. Abin da ke cikin burgamin iri ne. Duk wanda ya gamu da shi a hanya so yake ya raba shi da shi.

Daga ranar aikinsa ke nan. Yakan siranta murya ya yi tsohuwar: "Ɗan nan, me ke cikin burgaminka?" Ya sake murya: "Iri ne, Iya." "Kawo in tafasa mana, rabona da abinci tun shekaranjiya." "Ki yi haƙuri, Iya. Wannan ba na ci ba ne, na shuka ne. Mutanenmu suna jira." A bakin Yaya tsohuwar ba muguwa ba ce, yunwa ce kawai ta dame ta, shi ya sa Kaka ta ɗauke ta ƙawa, tana ce mata 'yar'uwa. Ƙattan gada kuwa maganarsu sak ta masu awo a kasuwar Hunkuyi, har da rantsuwar da suke yi suna danna babban yatsa cikin mudu. Muna dariya har da riƙe ciki. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba yadda aka yi Turawa suka san masu awon garinmu.

Wani lokaci nakan kama shi. In ce, "Yaya, jiya ba haka ka ce ba." Sai ya dube ni a wulaƙance ya ce, "Ke me kika sani? Turanci kalma ɗaya ma'anoni gare ta rututu. Ki bari ki shiga sakandare." In haƙura, don ni a lokacin Turancina bai wuce gaisuwar malami ba.

Ruwan farko ya zo da iska, ya kwashe mana jinkar ɗakin girki. Ba wanda ya damu. Washegari tun da sassafe muna gona, ƙasa tana ƙamshi, Baba yana gaba da sungumi yana sara, mu muna binsa muna jefa iri muna rufewa da diddige. Masara a kwari, dawa a tudu. Shuka ta fito gwanin sha'awa, layi-layi. Har an fara maganar noman farko sai sama ta bushe. Hadari yakan haɗu da la'asar, ya yi baƙi, ya yi rugugi, mu kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Kullum haka. Ganyen masara ya naɗe, ya koma launin toka, in ka taɓa ya karye. Maza suka fita filin idi roƙon ruwa da riguna a juye. Tsofaffin mata suka yi nasu: Kaka ta sa babbar rigar Baba da hularsa, ta bi sauran tsofaffi suna zagaya gari suna kiɗan ƙwarya. Na bi su ina dariya, da muka dawo na ga ita ba dariya take yi ba.

Da ruwan ya dawo shukar farko ta riga ta mutu. Aka sake shuka, kuma abin da aka shuka na biyun shi ne abin da ya kamata mu ci. Na tuna ranar da Baba ya shiga rumbu ya daɗe, muna jin ƙarar tsintsiya a ciki. Ya fito da abin da bai cika ƙwarya ba, ya miƙa wa Inna.

Abinci bai yanke rana ɗaya ba, janyewa ya riƙa yi. Ɗumamen safe ne ya fara tafiya, sai kunu tsararo. Sannan tuwon dare ya koma fate, faten kuma kullum rama tana ƙaruwa tsaki yana raguwa, har ya zama sai ka nemi tsakin da cokali. Ni aikina tsinko tafasa a bakin hanya da yaɗiya a jikin shinge. Inna ta dafa, ta matse, ta yi kwaɗo. Da farko da ƙuli-ƙuli, daga baya gishiri kawai da barkono. Ganye yana cika ciki amma ba ya zama, kafin ka wanke hannu ya wuce. Yunwar da nake tunawa ba kukan ciki ba ce. Wani yawu ne mai ɗaci da ke taruwa a baki, da duhun da ke rufe ido in ka miƙe daga duƙen noma, sai ka dafa fartanya ka jira gona ta daina juyawa.

Da aka gama maimai, wato noma na biyu, Baba ya tafi Maƙarfi ƙwadago a gonakin rake. Kafin ya tafi ya kira mu gaban wani tulu da ke ƙarƙashin gadon Inna. Irin wake ne a ciki, an cakuɗa da toka don ƙwari, an liƙe bakin da laka. Wake a ƙarshen damina ake shuka shi, a tsakanin dawa, kuma a shekarar da masara ta makara shi ne zai fara ceton gida. Baba ya ce, "Ko me za a ci a ci, ban da wannan. Sai na dawo."

Bayan tafiyarsa marka ta sauka. Ruwan da muka yi ta roƙo ya zo gaba ɗaya, ba dare ba rana, siriri, ba ya tsayawa. Katangar bayan gida ta jiƙa ta zauna. Itace ya ƙi kamawa, Inna tana hura wuta hawaye na zuba, hayaƙi ya cika gida babu abin kirki a kan murhu. Tufafi ba sa bushewa, komai warin danshi yake yi, har tabarma ta yi fumfuna. Ba a zuwa gona, ba a zuwa makaranta. Muna zaune a ɗakin Inna muna kallon fanka ko za ta motsa. In ta motsa mun samu abin yi, Ɗan Burgami ya kama hanya, Yaya ya kama fassara, sai mu manta da cikinmu har zuwa gada. In wuta ta ɗauke a tsakiya, Yaya yakan ci gaba da labarin a duhun ɗaki, yana kwance rigingine, muryarsa ƙasa-ƙasa don shi ma ba ƙarfi gare shi ba.

Kaka ce ta fara kwanciya. Ashe ta daɗe tana tura mana rabonta, tana cewa ita ramar nan tana tayar mata da zuciya. Ta kai in za ta tashi sai an kama ta. Ta daina tsokanata, ta daina ce mini takwara mai ƙwaron kai, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Wata rana da azahar, ruwa yana ta zuba, Inna ta durƙusa ta jawo tulun nan. Ta ɗauko wuƙa ta fara ɓamɓare lakar. Ni da Yaya muna kallo. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce, "Inna, Ɗan Burgami fa bai ci nasa ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan Burgamin naki tsumma ne a cikinsa, ba hanji ba. Tashi ki hura mini wuta."

Ban kai ƙofa ba fanka ta fara juyawa. Yaya ya miƙa hannu ya kunna, ina jin don kada ya kalli abin da Inna take yi ne. Kaset ɗin yana daidai inda wuta ta yanke shi, wurin tsohuwa mai ɗaki a baya. Ya fara fassara kamar kullum, amma ran nan maganar ta fi tsawo, har 'yan tsanan sun rufe baki shi bai rufe ba. Ya ce Ɗan Burgami ya ce, "Iya, in na ba ki duka, yau za mu ƙoshi ni da ke, baɗi kuma babu garin da zan koma. Amma ba zan wuce in bar ki haka ba. Buɗe hannunki." A fim ɗin kuwa, a daidai nan, ɗan tsanan yakan taɓa tafin tsohuwar.

Inna tana durƙushe da wuƙa a hannu. Ta ce, "Haka ya ce?"

Yaya ya ce, "Haka ya ce, Inna."

Ta daɗe tana kallon talabijin. Sannan ta zura hannu a tulu ta ɗebo cikin tafi, ta ƙara wani, ta tsaya. Ta aike ni na kwaɓo laka a bakin katangar da ta faɗi, ta mayar da bakin tulun ta liƙe. Waken nan ta wanke shi daga toka ta dafa wa Kaka ita kaɗai, mu muka sha romon. Har yau ban sha abin da ya kai romon nan daɗi ba, kuma na ci abinci a gidajen manya.

Baba ya dawo ya rame, da ɗan buhun tsaki a ka da sandunan rake. Ya ɗaga tulun ya ji nauyinsa, ya dubi sabuwar lakar, ya dubi mahaifiyarsa zaune tana jan carbi, ya mayar da tulun ƙarƙashin gado. Muka shuka waken a tsakanin dawa. Ya yi. Kafin masara ta nuna muna cin ɗanyen wake dafaffe da kwasfarsa, Kaka tana tsotsa da dasashi tana zagin wanda ya fi ta sauri. Bayan girbi Kawu Garba ya zo ya kwashe kayansa, da kaset ɗin a ciki. Na bi motar har bakin titi.

Tun daga nan ban sake ganin fim ɗin ba, amma ban rabu da shi ba. Na ba 'yan ajina labarinsa shekara da shekaru. Lokacin jinyar maigidana, da abubuwa suka tsuke, sau da yawa nakan tsaya a gaban abin da bai kamata in taɓa ba in ce a raina, wannan ba na ci ba ne. Baba ya rasu, Inna ta rasu, Kaka tun tuni. Cikin waɗanda suka zauna a ɗakin nan saura ni da Yaya Sabo.

Ana cikin farin bana Zainab ta zo da faifai a jaka, tana murna. Ta ce ta samo a wurin masu sayar da fina-finan fassara, waɗanda ake ɗora wa Hausa a kai. Ba ta zauna ba, tana da jarrabawa, ta juya a ranar. Na yi la'asar, na rufe ƙofar gida, na zauna ni kaɗai a gaban talabijin. Yanzu ba na jiran fanka, akwai sola a kan rufi.

Da koren sararin nan ya bayyana sai da na dafe ƙirji. Shi ne. Ga kunnuwan, ga manyan ƙafafun, ga burgamin. Ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta, kuma yanzu ina ganin inda aka ɗinke wuyansa, amma shi ne, har na ce masa sannu da ƙarfi. Sai mai fassarar ya fara magana, wani saurayi mai muryar 'yan birni, yana yi yana sako barkwanci. Ya ce wannan ɗan sarki ne. Ya ce an kashe ubansa an ƙwace sarauta, abin da ke cikin jakar kambun mulki ne. Tsohuwa mai ɗaki a baya, ƙawar Kaka, wai mayya ce da aka turo ta sace kambun. Inda yake taɓa tafinta, wai ƙona ta yake yi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce yaran yanzu ba su da tsoron Allah, su ɗauki fim ɗin mutane su zuba masa shirme don su sayar. Babu fari, babu iri, babu mutanen gari masu jira. Na kira Zainab na ce an cuce ta. Ta ce, "Mama, ki saurara da kyau, ai ana jin Turancin a ƙasa." Na kashe wayar. Na mayar da faifan baya, na matsa kusa da talabijin na karkatar da kai. Yanzu ina jin Turanci, da shi nake cin abinci. A ƙarƙashin muryar saurayin na ji kalmar da kunnena, ba sau ɗaya ba. Kambu ne. A kan dutsen ma, maganar da na shekara ina nema, cewa ya yi ya dawo ya karɓi gadon ubansa. Wannan ba abin da zai sa Kaka hawaye ba ne.

Ranar kasuwar Maƙarfi na shiga mota. Yaya Sabo yana da shagon taki da maganin feshi a can, ya yi tumbi, gemu ya yi fari. Na same shi da mutane a kansa, kowa yana kukan ruwa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi iyalinsa da ciwon ƙafarsa, muka yi wa juna jajen fari. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwan leda. Sai da mutane suka ragu na ce, "Yaya, ka tuna Ɗan Burgami?"

Ya ce, "Wane ne? Na Likoro?"

Na ce, "Na fim. 'Yan tsanan bidiyon Kawu Garba."

Ya ɗan yi tunani, sai ya fashe da dariya har yana buga cinya. "Kai, Uwani! Ina kika tono wannan?"

Na gaya masa komai, faifan, da saurayin, da kambun. Na ce, "Yaya, me ka ji suna cewa a lokacin?"

Ya share hawayen dariya ya ce, "Wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba. Turancin malaminmu daban, na hancin nan daban. Baba ya juyo a gaban kowa ya ce ga ranata. In ce masa ban sani ba? Mutumin da ya sayar da akuyarsa ya kai ni makaranta? Na ga jaka, na ga halin da ake ciki, na ce iri ne. Da na fara kuma ai ba dama in tsaya."

Na ce, "Har ranar tulun?"

Ya ce, "Wane tulu?"

Na dube shi da kyau ko wasa yake yi. Ba wasa yake yi ba. Na ba shi labarin, Inna da wuƙa, da tafin wake, da romo. Yana saurare yana gyaɗa kai kamar labarin wasu mutane nake ba shi. Ya ce, "Allah sarki. Allah ya jiƙan Inna. Ni abin da na riƙe na shekarar nan ciwon kai ne kawai, da warin rama. Har yau ba a dafa ta a gidana."

Na ce, "To abu ɗaya na zo nema. A ƙarshe, a kan dutse, kafin ya buɗe burgamin, akwai abin da kake cewa ya ce. Kaka tana kuka a wurin. Shi ne ya ɓace mini."

Ya yi ƙoƙari, ba zan ce bai yi ba. Ya rufe ido, ya shafa gemu. Sannan ya buɗe hannuwa ya ce, "Babu, Uwani. Ko alama. Ke da kika riƙe sauran, ki ƙirƙiro mana, ai ni ma haka na yi." Wani mutum ya leƙo yana tambayar maganin tsutsa, Yaya ya miƙe ya shiga ciki. Da zan tafi ya cusa mini rake a leda, ya ce in gaida yara, in riƙa zuwa.

Na shiga motar komawa gida. Ba haushinsa nake ji ba, ko kaɗan. Kaɗaici ne ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka watse daga zaman makokin maigidana. Ina tsammanin mu biyu ne muka rage da muka ga fim ɗin nan, ashe ni kaɗai ce. Wanda ya yi shi ma bai gani ba.

Muna shiga Ikara hadari yana haɗuwa, wannan karon bai watse ba. Na isa gida a jiƙe. Na canza zane, na sa faifan, na rage muryar talabijin har ta mutu. Ruwa yana dukan kwano. Ɗan Burgami ya kama hanya, ni kuma na kama fassara. Na yi tsohuwar da siririyar murya, na yi ƙattan gada da rantsuwarsu, har na yi dariya ni kaɗai. Na ce iri ne, Iya. Na ce buɗe hannunki. Ba inda na yi tuntuɓe, kamar jiya na ji su.

Ya hau dutsen da manyan ƙafafunsa. Ya tsaya, ya cire burgamin daga wuya, ya juyo yana fuskantata. Na ja numfashi ko za ta zo da kanta. Ya buɗe baki ya rufe, ya buɗe ya rufe, yana kallona. Na bar shi har ya gama, ban sa masa komai a baki ba.